Daular Sakkwato da maƙwabtanta: Yadda yaƙi ya riƙa warware ƙawance

Mafi yawan ganuwar da ta kewaye tsohon birnin Sakkwato ta riga ta zube, to amma sunayen ƙofofinta na nan a bakin jama'a. Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware da Ƙofar Aliyu Jeɗo duk sun zama sunayen unguwanni da mahaɗar hanyoyi, inda ake hada-hadar kasuwanci dare da rana.

A ƙarni na 19 ba haka abin yake ba. Baturen Ingila mai yawon binciken ƙasa, Hugh Clapperton, wanda ya isa birnin a 1824, ya rubuta cewa ana rufe ƙofofin ne kullum da faɗuwar rana.

Sakkwato ita ce cibiyar daula mafi girma a Afirka ta Yamma a wancan zamani, wadda ikonta ya kai har Adamawa da Ilori. Duk da haka, abokan gabarta mafi haɗari suna zaune ne tafiyar 'yan kwanaki kaɗan daga Ƙofar Taramniya da sauran ƙofofin, kuma da yawa daga cikinsu a da abokan tafiya ne.

Tarihin dangantakar daular da Zamfarawa, Kabawa, Abzinawa da Gobirawa ya nuna cewa ƙulla ƙawance a kan maƙiyi guda abu ne mai sauƙi. Wahalar tana zuwa ne idan yaƙi ya yi tsawo, aka zo ga batun wanda zai ciyar da mayaƙa, da kuma rabon da kowa zai samu bayan nasara.

Kafin jihadi

Tun kafin bayyanar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yankin ya saba da ƙawancen da ke juyewa ya zama gaba. A farkon ƙarni na 18, Zamfara ta haɗa kai da Gobir da kuma Abzinawan Ayar suka karya ƙarfin daular Kabi.

Bayan haka ne Gobirawa suka riƙa kwararowa daga arewa suna zama a ƙasar Zamfara da iznin sarakunanta. A cikin shekarun 1760, Sarkin Gobir Babari ya juya kan masu masaukinsa, ya ci Birnin Zamfara, ya kuma kafa sabuwar hedkwata a Alƙalawa, a kan ƙasar da a da ta Zamfara ce.

Zamfarawa ba su manta da wannan ba. Shehu ya shafe shekaru yana wa'azi a ƙasarsu, kuma ruwayoyin tarihi sun nuna cewa yana cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a saki fursunoni, ciki har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara.

Saboda haka lokacin da Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Jama'arsa ba ita kaɗai take ba. Aliyu Jeɗo, jagoran Fulanin Ƙonni, da wani malamin Abzinawa mai suna Agali suna cikin waɗanda suka taimaka wajen hijirar. Muhammadu Moyijo ya kawo goyon bayan Fulanin Kabi, Muhammadu Namoda kuma na Alibawan Zamfara. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da mutanensa da kuma bukatunsa.

Zamfara: abokin da yunwa ta kora

Nasarar da Jama'a ta samu a kan Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto a watan Yunin 1804 ta jawo mata ɗimbin magoya baya. To sai dai kuma ta bar ta da babbar matsala, wato runduna mai yawa tare da mata da yara da dabbobi, ba ta da gona, ba ta da rumbu.

A watan Disambar shekarar, Gobirawa tare da taimakon Abzinawa suka yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. Muhammadu Bello ya rubuta cewa an rasa mutane kimanin 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200.

Daga nan ne aka janye zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara a farkon 1805, inda ake sa ran samun abinci da mafaka. Da farko Zamfarawa sun karɓi baƙin hannu bibbiyu, domin kuwa maƙiyin Gobir masoyinsu ne.

Amma ƙasar da ta sha fama da yaƙi ba ta iya ɗaukar nauyin dubban baƙi na tsawon watanni ba. Mayaƙa suka shiga kutsawa ƙauyuka suna kwasar hatsi da dabbobi, ba tare da bambanta garin aboki da na abokin gaba ba.

Shi kansa Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, bai ɓoye cewa zaluncin da wasu daga cikin mayaƙan Jama'a suka yi na cikin abubuwan da suka sa Zamfarawa suka juya baya ba. Kafin ƙarshen 1805, garuruwan Zamfara da dama sun koma ɓangaren Gobir, ƙasar da ta rushe musu birni shekaru 40 da suka gabata.

Wannan ya jawo wa Zamfara hare-haren ramuwa masu tsanani. A 1806 Namoda ya karya rundunar haɗin gwiwar Abzinawa da Gobirawa da Zamfarawa a Fafara, kusa da Zurmi. Daga baya ƙasar ta rarrabu zuwa ƙananan masarautu ƙarƙashin Sakkwato, gidan tsohuwar sarauta kuma ya zauna a Anka.

Kabi da darasin Alwasa

A watan Afrilun 1805, daidai lokacin da ake zaune a Sabon Gari, Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya tsere, aka naɗa wani ɗan sarki mai goyon bayan Jama'a, Usman Masa, a madadinsa. Wannan nasara ce ta ba da damar ƙaura zuwa Gwandu a cikin daminar shekarar.

Ƙasar Kabi tana da fadamu da albarkar noma, saboda haka nauyin ciyar da runduna ya koma kanta. Abin da ya faru a Zamfara kuwa bai daɗe ba ya sake faruwa.

A ƙarshen 1805 labari ya zo cewa Gobirawa da Abzinawa sun nufo Gwandu da babbar runduna. A kan hanyar fita tarbarsu, mayaƙan Jama'a suka auka wa garin Kwolda, wanda ke zaman amana da su, suka washe shi. Abdullahi da Bello sun yi ƙoƙarin hana su, amma mayaƙan suka ƙi saurare, har ma aka yi barazana ga rayuwar Bello.

Da aka haɗu a Alwasa, Jama'a ta sha kashi, ta rasa mutane kimanin 1,000. Usman Masa, wanda ita ce ta ɗora shi kan gadon sarauta, ya koma cikin abokan gaba, garuruwan Kabi da yawa kuma suka bi sahunsa. Maharan sun kai har Gwandu, inda aka shafe kwanaki ana gwabzawa kafin a kore su.

Halin mayaƙan ya dami Abdullahi ƙwarai. A 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, yana mai kokawa da yadda son duniya da ganima suka shiga zukatan mutane. A Kano ne aka shawo kansa ya tsaya, inda ya rubuta littafinsa kan tsarin mulki, Liya'ul Hukkami, kafin ya koma gida.

Abzinawa: hatsi da hanyar fatauci

Babu maƙwabtan da matsayinsu ya riƙa sauyawa kamar Abzinawa. Ƙabilun Kel Geres da Itesan, waɗanda ke zaune a Adar da arewacin Gobir, sun dogara ne kan kasuwannin ƙasar Hausa, inda suke kai gishiri da dabbobi su sayo gero da tufafi. Kazalika a nan ne suke kiwon raƙumansu da rani.

Don haka abin da ya fi damunsu shi ne wanda ke riƙe da kasuwa da rijiya. Muddin Alƙalawa na tsaye, akasarinsu suna tare da Gobir, ko da yake malamai irin su Agali sun tsaya tare da Shehu tun daga farko.

Bayan faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Yunfa a watan Oktoban 1808, lissafi ya sauya. Sarkin Agadas Muhammadu Baƙiri ya zo da kansa wurin Shehu a Sifawa, aka ƙulla zumunci tsakanin ɓangarorin biyu, abin da ya buɗe hanyar fatauci zuwa arewa.

Sai dai Sarkin Agadas ba shi da cikakken iko a kan ƙabilun da ke yawo a daji. A Adar, wani malami mai suna Muhammadu Jailani ya ƙaddamar da nasa jihadin, yana kuma musayar wasiƙu da Bello. Wani jagoran Abzinawa mai suna Ibra ya haɗa kai da Kel Geres suka kore shi, ya nemi mafaka a ƙasar Sakkwato.

Wannan ya jefa Sakkwato cikin tsaka mai wuya. Idan ta tsaya wa Jailani za ta ɓata da masu riƙe da hanyoyin arewa, idan kuma ta yi watsi da shi ta saki ɗan'uwa a aƙida. Ibra dai ya ci gaba da zama ƙaya a arewacin daular har zuwa shekarun 1830.

Abdussalami da batun rabo

Rikicin da ya fi kusa da ƙofofin Sakkwato ya taso ne daga cikin gida. Malam Abdussalami, Ba'are ne daga ƙasar Arewa, yana kuma cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba. Harin da dakarun Yunfa suka kai wa garinsa Gimbana, da kuma kuɓutar da mutanensa da aka yi yayin da ake wucewa da su ta kusa da Ɗagel, na cikin abubuwan da suka haddasa jihadin kansa.

Bayan nasara, a 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya sami yamma, da ɗansa Bello, wanda ya sami gabas. Manyan jagororin yaƙi su ma sun sami yankuna. Abdussalami kuwa 'yan garuruwa kaɗan aka ba shi, daga baya aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato, inda za a iya sa masa ido.

Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, garuruwa da dama a Zamfara da wasu wurare suka yi tawaye. Abdussalami ya buɗe ƙofofin Kware ga waɗanda ke gudun hukuman daular, ya kuma ci gaba da hulɗar ciniki da waɗanda Sakkwato ke ɗauka abokan gaba.

An yi musayar wasiƙu tsakaninsa da sabon Sarkin Musulmi, kuma Bello ya tattara su a cikin littafinsa Sardul Kalami. A ɗaya daga cikinsu Abdussalami ya zana taswirar yadda aka raba ƙasa tsakanin manya, yana tambayar ina nasa rabon. Ya kuma yi zargin cewa ana ƙwace dukiyar mutanen da aka ba amana. Bello ya amsa cewa haɗa kai da abokan gaba a lokacin yaƙi warware mubaya'a ne.

A farkon 1818 aka ci Kware. Abdussalami ya tsere da rauni, ya rasu a Bakura ta ƙasar Zamfara. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, inda suka gagari Abdullahi har sai da Bello ya kawo masa ɗauki. A wurin ne aka dinke ɓarakar da ta shiga tsakanin Bello da baffansa kan batun gadon Shehu. Daga baya Buhari, ɗan Abdussalami, ya yi sulhu ya zauna a Jega.

Barno da wasiƙar Clapperton

Ita ma Barno, babbar daular yankin kafin Sakkwato, ta ɗanɗani nauyin ƙawance. Lokacin da jihadi ya isa Daura, Katsina da Kano, sarakunansu sun nemi taimakon Mai na Barno. Taimakon bai cece su ba, ya kuma jawo yaƙin cikin ƙasar Barno, har aka ci hedkwatarta Gazargamu a 1808.

Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi, wanda ya ceto daular, ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi. Babbar amsar da Bello ya bayar ita ce Barno ta taimaki sarakunan da ke yaƙar Jama'a. Wato dai a ganin Sakkwato, abokin da ƙasa ta zaɓa a lokacin yaƙi shi ke nuna matsayinta.

Wannan ra'ayi ya shafi har baƙi daga nesa. A ziyararsa ta farko Clapperton ya rabu da Bello cikin mutunci, da alkawarin ƙulla ciniki da Ingila. Da ya dawo a 1826, ya tarar ana yaƙi da Barno, shi kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, ciki har da makamai, zuwa ga Elkanemi. Aka karɓe su, aka kuma hana shi wucewa. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, a shekarar da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare rundunar Elkanemi da ta nufo Kano.

Gobir, Maraɗi da Gawakuke

Gidajen sarautar da aka kora ba su ɓace ba. Katsinawa sun kafa sabuwar cibiya a Maraɗi, Gobirawa kuma suka sake taruwa a arewa maso gabashin Sakkwato. Sarkin Gobir Ali ya taɓa yin sulhu da Bello, aka sami 'yan shekaru na zaman lafiya.

To amma sulhun bai yi wa abokan Gobir daɗi ba. Ruwayar baka ta nuna cewa Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda ya aika wa Ali da wuƙaƙen fawa, yana nufin wanda ya ajiye takobi sai ya koma mahauci. Ko ma dai mene ne gaskiyar wannan, Ali ya warware sulhun, ya haɗa kai da Rauda da kuma Ibra.

A 1836 Bello ya tara rundunar da ta haɗa da dakarun masarautun gabas, aka yi karo a Gawakuke. An kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsere. Duk da girman nasarar, Gobirawa sun sake kafa gari a Tsibiri, dab da Maraɗi, daga nan kuma ɓangarorin biyu suka ci gaba da kai hare-hare kan Zamfara da Katsina. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a 1842 a kan hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Tsibiri.

Ganin cewa ba za a dogara da alkawarin maƙwabta ba, Bello ya ɓullo da tsarin ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa su yi noma su kuma yi tsaro. Ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, shi kansa kuma ya zauna a Wurno, inda ya rasu a 1837. Ta wannan hanya runduna ta riƙa ciyar da kanta, maimakon ta dogara da rumbunan abokai.

Su ma abokan gabar ba su tsira daga saɓani ba. A wajajen 1860 wani ɗan sarkin Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri, ya daidaita da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni.

Lafiyar Toga

A yamma kuwa, Kabawa sun koma Argungu. An kashe sarkinsu Karari a 1831, aka kawo ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya shafe shekaru kusan 18 a hannun hukuma. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince da shi har ya bar shi ya koma gida. A 1849 Nabame ya ɗaga tutar tawaye, ya kuma sami goyon bayan Arawa, Dandawa da Zabarmawa.

Wannan haɗin gwiwa ya datse hanyoyin Gwandu zuwa yankunanta na yamma. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya gana da Aliyu Babba a 1853, ya ba da labarin yadda matafiya ke cikin fargabar hare-hare ko da a kusa da cibiyar daular.

Da yaƙi ya gaji kowa, sai aka ƙulla yarjejeniya a wajajen 1867, a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Ita ce ake kira Lafiyar Toga. An amince da 'yancin Argungu, aka kuma yarda kowane ɓangare ya riƙe garuruwa da bayin da ke hannunsa. Zaman lafiyar ya ɗore har zuwa 1875, lokacin da wata rigima da ta taso a garin Fanna ta sake tayar da yaƙi.

A ƙarƙashin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau gado a 1883, Kabawa sun ƙone garuruwa da dama na Gwandu da Sakkwato. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kira sarakunan daular zuwa yaƙin Argungu a farkon shekarun 1890, amma aka dawo ba nasara.

Wannan yaƙi ya bar baya da ƙura. Galadiman Kano Tukur ya nuna jaruntaka a Argungu, abin da ya sa Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sarkin Kano a 1893, duk da adawar yawancin gidan sarauta. Sakamakon haka shi ne Yaƙin Basasar Kano. Da aka umarci sauran sarakuna su taimaki Tukur, akasarinsu sun yi sanyin jiki, har Aliyu Babba na Kano ya ƙwace birnin a 1894.

Zuwan Turawa

Turawan mulkin mallaka sun tarar da yankin a wannan hali, suka kuma yi amfani da shi. Dosso ta karɓi Faransawa a 1898. Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓi Turawan Ingila, waɗanda suka girke sojoji a Argungu a 1902.

Bayan an ci Kano a watan Fabrairun 1903, dakarun Ingila sun bi ta Argungu ne kafin su nufo Sakkwato. A ranar 15 ga Maris aka yi karo a filin Giginya da ke bayan ganuwar birnin. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fice zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bi sawun tsohuwar gabar a wurare da dama. Yarjejeniyar 1898 ta zana layi mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka kuma gyara shi a 1904 da 1906. A ƙarshe Maraɗi, Tsibiri da Ƙonni suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Argungu kuma hannun Ingila.

Sai a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu. Bikin kamun kifin da aka shirya don tarbarsa shi ne tushen bikin da garin ya yi suna da shi.

Tsohuwar iyaka, sabon rikici

A wannan zamani, babbar ƙasar yankin ita ce Nijeriya, kuma tambayar wanda ke ɗaukar nauyin yaƙi ta sake tasowa tsakaninta da maƙwabtanta. Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru sun haɗa runduna don yaƙar Boko Haram a yankin tafkin Chadi. A 2020, bayan an kashe sojojin Chadi kusan 100 a Boma, Shugaba Idriss Deby ya koka cewa ƙasarsa ce kaɗai ke ɗauke da nauyin yaƙin.

Dangantaka da Nijar ta yi tsami bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, wanda ya hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take bai wa Nijar, aka kuma rufe iyakoki, ciki har da ta Illela da Birnin Ƙonni, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba.

Adawa mafi ƙarfi da shirin yaƙin ta fito ne daga arewacin Nijeriya, inda 'yan majalisa, malamai da sarakuna suka yi nuni da cewa jama'ar ɓangarorin biyu dangin juna ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na cikin tawagar sulhun da tsohon shugaban Nijeriya Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta zuwa Yamai a watan Agustan 2023.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma amana ba ta dawo ba. A watan Nuwambar shekarar rundunar sojan Nijeriya ta ce tsayawar sintirin haɗin gwiwa a kan iyaka bayan juyin mulkin ce ta bai wa 'yan bindigar Lakurawa damar kutsawa cikin jihohin Sakkwato da Kebbi. Yankunan da abin ya fi shafa sun haɗa da Tangaza da Gudu. A watan Disamba kuma shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don yi wa ƙasarsa zagon ƙasa, zargin da Abuja ta musanta.

Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance a watan Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A watan Maris na shekarar ta sanar da janyewa daga rundunar tafkin Chadi, tana mai cewa za ta mai da hankali kan tsaron rijiyoyin manta. A watan Afrilu ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun gana a Yamai, inda suka amince su ci gaba da tattaunawa kan tsaro da ciniki a iyakar da ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500.